Motar Waya da Jirgin Kan Tebur

Jirgin ƙasa bai taɓa shiga Damagaram ba. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, duk ya tsaya a ƙetaren iyaka. A zamanin da Zinder, wato Damagaram, take hedikwatar mulkin Faransa a Nijar, daga 1911 zuwa 1926, raƙuma da jakuna ne ke sauke kaya Kano, daga baya manyan motoci suka karɓe su. Faransawa sun daɗe suna mafarkin dogon da zai taso daga Aljeriya ya keto Sahara, har suka tura tawagar Kanar Flatters ta dubo hanya, Abzinawa suka hallaka ta a 1881, kuma dogon bai ƙetaro hamada ba har suka tattara nasu ya nasu. Layin da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai zama hanyar fasinja ba. Wanda ake ginawa daga Kano, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya tsaya a Maraɗi, tsakaninsa da Zinder da sauran fiye da kilomita 200.

Shi ya sa yaron unguwar Birni ko Zango ko Garin Malam a Zinder, in ya zauna ƙera abin wasa, mota yake yi. Yana yin abin da ya gani yana wucewa ne: gingimarin da ke tafiya Agadas an lafta mata kaya ga jarkoki na reto a gefe, tankar mai da ke fitowa daga matatar SORAZ tun 2011, doguwar bas mai zuwa Yamai. A Jamus da Ingila da Amurka da Japan kuwa akwai wata shagala da ta haura shekara 100, ta haɗa ƙaramin jirgin ƙasa a kan tebur, da dogonsa da tasharsa da gadojinsa da ƙauyukan da yake ratsawa. Dukansu biyu ƙanƙanta babban abu ne har ya shiga hannu. Daga nan kuma kowa ya kama hanyarsa.

Motar waya da farautar kaya take farawa. Ana neman wayar tsohon shinge ko wadda aka zaro daga ƙonanniyar taya, gwangwanin madara da na tumatir, tsohon takalmin soso, marafan kwalba, da robar tiyub da za a yanka siri-siri don ɗauri. Yaro zai miƙe wayar da dutse a kan dutse, ya lanƙwasa ta da hannu, in babu filaya ya sa haƙori, har ya fitar da gindin mota mai kusurwa huɗu. Tayoyi daga soson takalmi ake yanko su. A kife gwangwanin tumatir a zana da'ira, a bi da reza, a goge gefen a jikin bangon siminti har ya yi sumul. Inda gwani ke rabuwa da ɗan koyo shi ne ƙafar gaba. Ɗan koyo yakan ɗaure sandar tayoyin gaba tamau, motarsa ba ta san kwana ba sai an ɗaga ta. Gwani yakan rataya sandar a kan ƙusa ɗaya a tsakiya, ya zaro doguwar waya daga nan ta taso har ƙugunsa, ya naɗe ƙarshenta ta zama sitiyari. Yana tafe yana murzawa, tayoyi na amsawa. Wanda ya fi shi ma yakan naɗa siririyar waya a jikin ƙusa ya zare, ya sami sifirin, ya sa ƙarƙashin bodi, don motar ta riƙa rangaji in ta hau burji kamar yadda babbar ke yi da lodi.

Ba wanda ya riƙe ma'auni a duk wannan aiki. Ido ne ma'auni, kuma idon yaro ba ya bin gaskiyar tsawo da faɗi, yana bin abin da ya burge shi. In tayoyi ne suka cika masa ido sai ya yi su ƙatta, in eriya ce ya yi ta ta fi motar tsawo. Wanda babu waya a kusa da shi yakan koma wa kara: a ɓare bawon sille a yi sanduna, a yayyanka farin cikin a yi mahaɗai, a soka wannan cikin wancan, mota ta tashi cikin yini guda, ta kuma karye cikin kwana biyu ba mai yi mata kuka. A Kano motar langa-langa ta yi zamaninta, wadda ake yi da ƙarfen ɗaurin dila.

Jirgin kan tebur kuwa da lissafi yake farawa kafin a taɓa ƙarfe. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya kai wa baje kolin Leipzig na 1891 jirgin wasa mai dogo gunduwa-gunduwa da ake harhaɗawa, mai faɗi ƙayyadadde. Wannan ƙayyadewa ita ce ta mai da abin wasan yara ya zama sha'anin manya. A Amurka Lionel ya fara a 1900, a Ingila Frank Hornby na Libaful, mai kamfanin Meccano, ya fito da jiragensa a 1920. Yau ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake raba kowane tsawo gida 87. Dogo na gaske mai faɗin milimita 1,435 sai ya koma milimita 16.5. Mutum mai tsawon mita 1.74 ya koma santimita 2, tarago mai mita 12 ya koma kusan santimita 14. Akwai N mai rabawa gida 160 da dogo na milimita 9, don mai ƙaramin ɗaki. Akwai O mai milimita 32, don mai son abin da zai damƙa da hannu. Akwai Z da Märklin ya fitar a 1972, gida 220, wanda tasha guda ke shiga akwati. Ingilishi, da yake ba sa rabo da nasu salon, suna raba jikin jirgi gida 76 amma su ɗora shi a kan dogon HO, ma'ana jirginsu ya ɗan fi dogonsa girma, sun sani, sun kuma haƙura.

Ga lissafin da ke sa mai sabon shiga ya sauko daga buri: kilomita ɗaya a ma'aunin HO mita 11.5 ce. Mai son ya kwaikwayi hanyar Zinder zuwa Kano, wajen kilomita 240, sai ya tanadi tebur mai tsawon kusan kilomita 3. Saboda haka duk mai wannan shagala dole ya koyi dabarar taƙaitawa. Yakan zaɓi tasha ɗaya, gada ɗaya, kwana ɗaya, ya ɓoye sauran duniyar bayan wani tudu ko bango inda jirage ke jiran layi ba mai ganinsu. Shawarar da tsofaffin hannu ke ba kowa ita ce ya fara da allo ɗan ƙarami ya gama shi, domin ɗakuna da yawa a Turai cike suke da manyan tebura da aka fara da zumuɗi aka bari rabi.

Sauran ƙa'idojin ma daga wahala aka koyo su. Kada hawa ya wuce santimita 2 ko 3 a kowace mita, in ya wuce kan jirgi zai yi ta murza ƙafa a wuri ɗaya. Kada kwana ta matse, a HO ƙaramar da'irar da ake sayarwa tana da wajen santimita 36 daga tsakiya zuwa dogo, kuma dogayen taragai ba sa sonta. A gwada jirgi a kan dogo sau da yawa kafin a zuba tsakuwa a manne, domin bayan manni gyara ɓarna ne. Wuta ta cikin dogon kansa take bi ta shiga ƙafafun jirgi, yawanci bolt 12, don haka ɗan datti kaɗan ya isa ya tsai da tafiya. Wannan na ƙarshe shi ne abin da zai fi ba mutumin Damagaram ciwon kai. Ƙurar hunturu ba ta san rufaffiyar taga ba, zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, ƙarfe ya miƙe, roba ta lauye, gara kuma na jiran katako a ƙasa. Wanda ya sayo irin wannan kaya ya kawo Zinder sai ya bar ɗan tsagi a mahaɗar dogo don miƙewar zafi, ya ɗinka wa teburin mayafi, ya ɗora ƙafafunsa a kan ƙarfe. Ga kuɗi: kan jirgi guda na Yuro 200, wanda ba shi ne mai tsada ba, sefa 131,000 ke nan da ɗoriya, kafin kuɗin aike, kafin dogo, kafin tarago ko ɗaya. Magidanci zai lissafa buhunan hatsin da ke ciki ya yi shiru.

In a kan araha da koyon hannu za a yanke hukunci, motar waya ta ci ba gardama. Yaron da ya ƙera ta ya san dalilin da ya sa taya ke goga, ya san inda nauyi ke zama, ya san waya na karyewa in an lanƙwasa ta sau uku a wuri ɗaya. Da yawa daga masu jirgin tebur a Turai ba su ƙera komai ba. Sun buɗe kwali, sun harhaɗa abin da masana'anta a Sin ta zubo, sun danna maɓalli. Su kansu gwanayen cikinsu sun san haka, shi ya sa girma mafi yawa a wurinsu na wanda ya yanka tagulla ko kwali da hannunsa ya fitar da tarago daga babu. Abin dariya, dabarar da suke koyar da juna a mujallu ta yin itace, wato a murɗa siraran wayoyin tagulla su zama gindi sannan a warware kansu su zama rassa, yaron Zango zai kwashe ta a kallo ɗaya, har ya ƙara da laka ya fitar da kuka mai tumbi.

Sai dai akwai abin da jirgin ke da shi wanda motar ba ta da shi, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mota ta mutum ɗaya ce. Duk inda ƙasa take hanya ce, babu ruwanta da faɗin motar maƙwabci. Jirgi ba ya motsi sai a kan dogo, dogo kuwa yarjejeniya ce. In faɗin nawa ya saɓa da naka da milimita ɗaya, taragona ba zai taka layinka ba. Ma'aunin nan kamar tiya yake a kasuwar hatsi: ba don ta fi kowane kwano kyau ba, sai don kowa ya yarda da ita, mai saye daga Mirya da mai sayarwa daga Tanut su yi ciniki ba su san juna ba. A 1935 masu wannan shagala a Amurka suka kafa ƙungiyar NMRA musamman don su daidaita faɗin dogo da kaurin ƙafa da tsayin mahaɗa, don kayan kamfani ɗaya su yi aiki da na wani. A 1973 wasu suka fito da tsarin NTRAK, a 1981 aka kafa FREMO a Jamus, dukansu a kan dabara guda: kowa ya gina guntun teburinsa a gida, yadda ya ga dama a tsakiya, amma bakin biyu su bi ma'auni ɗaya. Ranar taro sai kowa ya ɗauko nasa a bayan mota, a jera su a babban zaure, a ɗaure da kusoshi, jirgin mutumin Holan ya ratsa ƙauyen da Bajamushe ya gina ya sauka a tashar ɗan Denmak, da jadawalin tafiya da mai ba da hannu a kowace tasha.

Kada a ɗauka wannan wasan yara ne kawai. Tsohon dogon Kano faɗinsa milimita 1,067 ne. Na Kwatano zuwa Paraku milimita 1,000, kuma da shi aka daidaita na Yamai zuwa Doso. Sabon na Kano zuwa Maraɗi milimita 1,435. Ko da wata rana layin Doso ya miƙo gabas ya tarar da na Maraɗi, tarago ba zai tsallaka daga wannan zuwa wancan ba sai an sauke kaya an sake lodi. Matsalar da ƴan shagala suka zauna suka warware a kan tebur tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ita ce ke jiran injiniyoyin ƙasashe uku.

Wajen nuna kaya ma hanya biyu ce. A Turai baje koli yana da zaure da tikiti da ranar buɗewa. Kulob ɗin masu wannan shagala na London da aka kafa a 1910 yana nan da rai. Birnin Nuremberg yana karɓar kasuwar kayan wasa tun 1950, Dortmund na da nata ta masu ƙere-ƙeren kwaikwayo. Mafi shahara kuwa ba na ƴan kwanaki ba ne, gida ne dindindin a Hambug, Miniatur Wunderland, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001 cikin tsofaffin rumbunan ajiyar kaya na bakin ruwa. Dogonsa ya haura kilomita 16, jiragensa sun haura 1,000, ana dusashe fitilu a kawo dare a kuma wayar da gari duk minti 15, kuma tun 2011 akwai filin jirgin sama inda ƙananan jirage ke tashi suna sauka. Mutum fiye da miliyan ɗaya ke shiga a shekara.

Mai zuwa irin wannan wuri akwai ladabin da zai riƙe. Hannu a aljihu, domin ɗan sandan wuta da ka ga kamar tsinke wataƙila dare uku wani ya yi a kansa. A durƙusa a sa ido daidai da dogo, daga nan ne ƙarya ke zama gaskiya, wanda ya tsaya tsaye rufin gidaje kaɗai zai gani. A leƙa ƙarƙashin tebur da bayan labule in an ba da izini, can wayoyi da dabarun suke. A tambayi mai abin lokacin da jirginsa ke tsaye, ba lokacin da yake juya layi ba, za a kuwa sha bayani har a gaji, don ba abin da yake jira tun safe sai mai tambaya. Mai yaro ya tafi da ɗan abin takawa, teburan don idon manya aka yi su. A je da wuri kafin cunkoso, a kuma bar sayayya sai an zaga ko'ina.

A Damagaram titi ne zauren. Bayan la'asar yara kan fito da motocinsu a jere, mai gingimari a gaba yana kwaikwayon kukan inji da baki, ƙaninsa na biye a matsayin karen mota. Hukunci nan take ake yanke shi, ba alƙali ba takardar yabo. Na ga wani maƙerin fari a gefen Kasuwar Dole, mai like gwangwani da dalma yana yin mazurari da fitila, ya ajiye aikinsa ya kira wani yaro da ke wucewa da tankar mai ta gwangwanin madara uku.

“Kai ɗan nan, zo da ita in gani.”

Yaron ya rusuna ya miƙa. Tsohon ya juya ta, ya murza taya da babban yatsa, ya kara a kunne.

“Wa ya yi maka ƙafar gaban nan?”

“Ni na yi, Baba.”

“To tana cin gefe. Ramin ƙusar ya yi faɗi. Sa marfin kwalba tsakani, ka huda shi daidai.”

Ya ɗauko ƙusa da guduma ya huda masa marfin, ya miƙa, ya koma kan dalmarsa. A nan an taɓa, an gwada, an gyara, duk cikin minti biyar. A Hambug shinge ne tsakaninka da abin, sai ƴan maɓallan da aka tanadar wa baƙi su danna.

Damagaram tana da wani baje kolin kwaikwayo da ya fi wannan tsari, wato wasan kara. Bayan kaka, lokacin da kara ya wadata, samari kan shirya su kwaikwayi masu mulki, wannan ya zama sarki, wannan gwamna, wancan shugaban ƙasa da dogarawansa da sojojinsa, kayan aikin kuma da kara ake ƙera su. Marigayi Inusa Usaini, mai shirya fim ɗan Zinder, ya ɗauki wasan a fim. Abin lura shi ne wasan kara yana da duk abin da baje kolin Turai ke da shi, lokaci sananne, shiri na makonni, rabon aiki, ƴan kallo, har da manyan gari da ke zuwa su ga yadda aka kwaikwaye su. Abin da ba ya da shi ajiya ce. Ana watsewa kara ya koma makamashi ko abincin dabba, badi a sake daga farko. Motar waya ma haka. Ba na jin akwai gida a Birni da za a buɗe adaka a fito da motar da kaka ya ƙera yana yaro, alhali a Ingila jirgin Hornby na shekarun 1930 yana nan yana gudu a hannun jika, ga kwalinsa.

Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, da aka buɗe a 1959, ya tanadi rumfunan masu sana'a inda baƙo ke kallon maƙeri da baduku suna aiki, ya kuma gina samfurin gidajen ƙabilun ƙasar. Dukawan Damagaram suna da suna a duk inda aka baje kayan fata. Motar gwangwani kuwa, in ta shiga irin waɗannan wurare, a matsayin tsarabar Bature take shiga, an yi mata fenti an goge ta, ba mai tuƙa ta. Da masu yawon buɗe ido suka ja baya saboda rashin tsaro, ita ma wannan ƴar kasuwa ta ja baya. A gefe guda kuma ga motocin roba na Sin sun cika kasuwa, masu araha, masu fitila da jiniya, ga wayar hannu. Yaron da aka saya wa ta roba ranar Salla ba shi da dalilin zuwa juji neman waya.

Babban bambancin da ya rage na shekaru ne. A Turai yawancin masu jirgin tebur masu furfura ne, kuma abin da suke ginawa sau da yawa duniyar da ta wuce ce, jirgin gawayi mai hayaƙi, tashar ƙauyen da aka rufe tun suna yara. Mawaƙin nan Rod Stewart ya yi shekara 23 yana gina wani birnin Amurka na shekarun 1940 a saman gidansa, ya nuna wa duniya a 2019, ba wanda ya ce ya taɓu. Damuwarsu ma ita ce rashin matasa, har babban baje kolin Warley da ake yi a Bamingam ya tsaya bayan na 2023, masu shirya shi sun tsufa. Namu akasin haka ne. Yaronmu abin da yake hange yake ƙerawa, motar da yake fatan tuƙawa, kuma da ya kai shekara goma sha huɗu sai ya yar, ya tafi gareji ko kabu-kabu ko makaranta. Magidanci ɗan shekara arba'in da aka gani yana tura motar waya a Sabon Gari, kafin magariba labari ya kai gidan surukansa. Amma wannan magidancin zai kashe kuɗi da lokaci a kan tantabaru, ya san kowace da sunanta, ko ya yini a kan dara, ko ya ƙawata doki don hawan Salla a ƙofar fada, ba mai cewa uffan. Ashe manyanmu ba su rasa shagala ba. Ƙere-ƙeren ne aka sa wa hatimin ƙuruciya, sai in ya zama sana'ar neman abinci.

In aka ce in zaɓa, ga ɗan shekara goma waya da filaya zan ba shi, ko da ina da kuɗin Märklin. Ga samarin da ke zaman fada, wato majalisar hira, suna dafa shayi daga isha'i har tsakar dare kuwa, abin da zan ɗebo musu daga Turai ba kayan ba ne, yarjejeniyar ce. Fada ta riga ta zama kulob, tana da suna da shugaba da asusu da wurin zama. Abin da ya rage su zauna da wasu fadodi uku ko huɗu su amince da lambobi uku: faɗin dogo, tsayin tebur daga ƙasa, da faɗin bakin allo.

HO ba ta dace da nan ba, ta yi ƙanƙanta ga hannun da ba shi da injin sassaƙa, ƙura kuma za ta kashe ta. Milimita 32 ta fi, ko ma 45. A wannan girman ana iya yin dogo da siririn ƙarfe ko alminiyam da aka kafa a tsagin katako, maƙeran da ke zuba tukwane a yashi za su iya zuba ƙafafun jirgi in an ba su samfuri ɗaya mai kyau, jikin tarago kuma gwangwani ya ishe shi. Kada a bi da wuta ta dogo. A sa batir cikin kan jirgi da ɗan injin da aka ciro daga matacciyar rediyo mai kaset ko na'urar faifai, yadda datti da ɗaukewar wuta ba za su tsai da tafiya ba. Tsakuwar dogo rairayi ne da aka tankaɗe, a zuba masa farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa. Gini da laka ta gaske za a yi shi, siririya a kan kwali, a zana mata irin adon da ke fuskar gidajen Birni tun tana ɗanya. Duwatsun da garin ke zaune a kansu ba sai an kwaikwaya ba, a tsinto ƙananansu. Wanda malaminsa ke ƙyamar surar mai rai sai ya bar tasharsa ba mutum ba raƙumi, ba abin da zai ragu, Turawan ma da yawa haka suke barin tasu.

Kowace fada ta ɗauki allo mai tsawon mita ɗaya da rabi, wanda mutum biyu za su iya ɗorawa a amalanke. Wata ta yi Kasuwar Dole, wata ta yi lambunan Mirya, wata ta yi kan iyakar Magarya da shingen kwastan da layin tireloli, inda motocin wayar ƙannensu za su sami wurin tsayawa. Allo takwas sun ba da mita 12, tsawon da zai shiga ajin makaranta in an karya shi kwana biyu. Kafin a yanka katako ko ɗaya, a sa maƙeri ya yi ƴan ƙarafan gwaji masu tsagi biyu daidai faɗin dogon, duk a zubi ɗaya, a raba wa kowace fada nata.